Ƙuri'ar Kawu ta Ƙarshe

Na Allah ne mu, kuma wurinSa za mu koma, wani na bin wani. Kawuna, yayan mahaifiyata, ya rasu da yammacin wata Alhamis a asibiti a Birmingham, bayan ya shafe shekara arba'in da 'yan kai a ƙasar nan, yawancinsu yana likitan unguwa a Erdington. Ranar Asabar muka kai shi makwancinsa.

Ban taɓa ganin gidan ya cika haka ba. Takalma tun daga bakin ƙofa har kan matakala, likitoci da injiniyoyi a zaune a ƙasa kafaɗa da kafaɗa da ɗaliban da suka yo hayar mota daga Manchester. Wata tsohuwar Baturiya maƙwabciyarsu ta dogaro sandarta ta zo, ta tsaya a ƙofa tana tambaya ko an yarda ta shiga. Da aka shigar da ita wurin Inna, matar Kawu, sai ta kama hannunta ta ce shi kaɗai ne likitan da ya taɓa sauraron labarin kakarta har sau uku bai dubi agogo ba. Can kuma wani ɗalibi ya share hawaye ya ce, "Wallahi ranar da na sauka a ƙasar nan, Kawu bai bar ni na taɓa tuwo ba sai da na yi register na zaɓe a wayata." Ɗakin ya ɗauki dariya, don rabin mutanen da ke zaune haka aka yi musu.

Da dariyar ta lafa na ji wani dattijo da suke salla tare da Kawu a unguwar Sparkhill yana ce wa na kusa da shi, a hankali amma ba can ba, "An ce ɗan ƙanwar tasa ba ya nan lokacin da rai ya yi halinsa. Wai ya tafi Manchester zaɓe. Zaɓe fa, jama'a!"

Gaskiya ya faɗa. Ni ne ɗan ƙanwar. Na rubuta wannan ne don kada a manta da irin mutumin da Kawu yake, kuma in an san shi, za a gane abin da ya raba ni da gefen gadonsa a wannan yammacin.

Sai na fara da abin da ke tsakanina da zaɓe. Ina da shekara goma sha tara aka kashe Yaya, wana uwa ɗaya uba ɗaya, a layin jefa ƙuri'a a unguwarmu can gida. 'Yan daba ne suka zo ɗaukar akwati, shi kuma ya ƙi matsawa. Ina bayansa, mutum uku ne tsakaninmu. A bakin kabarinsa na rantse da Allah cewa ni da akwatin zaɓe har abada. Da wannan rantsuwar na zo Manchester karatun injiniya, da ita na yi aure na zauna a can unguwar Hulme, kuma ita ce Kawu ya yi shekara da shekaru yana neman ya raba ni da ita.

Kawu mutum ne da tarihin Turawan nan ya shiga ransa, har Inna takan ce da ya san danginta kamar yadda ya san sarakunan Ingila da ta ji daɗi. Ba a makaranta ya koya ba. Ya ce a ƙirjin tsofaffin da yake dubawa ya fara karanta shi: wannan ya shaƙi ƙurar masana'anta tun yana ɗan sha huɗu, waccan uwarta ta binne 'ya'ya uku saboda ba kuɗin ganin likita. In ya gama awo sai ya ce, to ba ni labari. Daga nan ya koma ɗakin karatu na unguwa, ya bi abin da baya da baya har ya kai zamanin da hakimai suka tsare wani sarki a bakin kogi suka sa shi ya amince a rubuce cewa shi ma doka tana kansa. Kullum maganarsa ɗaya ce, in ya ga ɗayanmu ya saki baki yana kallon yadda komai ke tafiya a tsare: "Ba haka suka tashi suka ga kansu ba."

Watana ɗaya da zuwa ya hau jirgin ƙasa ya same ni. Na ɗauka gidan abinci za mu, don na gaji da burodi da wake na gwangwani. Ashe yawo ya zo ja na. Yana gaba da lemarsa a naɗe, da ita yake nuni, ina biye kamar raƙumi da akala. Ya nuna mini tsofaffin masaƙun jan bulo da aka mayar gidajen haya, ya ce yara 'yan shekara bakwai sun yi rarrafe a ƙarƙashin injuna a nan suna tsintar auduga. Ya ce a lokacin da garin nan ke saƙa wa rabin duniya tufafi ba shi da wakili ko ɗaya a majalisa, Birmingham ma haka, alhali akwai wani tudu a kudu da ba kowa a kansa sai tumaki, shi yana da wakilai biyu.

"Tumakin ne ke zaɓe, Kawu?" na ce.

"Mai tumakin," ya ce. "Ka ga ai ba mu muka fara ba."

A tsakiyar gari, inda otal-otal suke yanzu, ya tsaya ya buga lemar a ƙasa. Ya ce da can nan fili ne. Wata rana masaƙa suka sa kayansu na zuwa coci, suka zo da matansu da 'ya'yansu don su nemi a ba su ƙuri'a. Aka turo musu mahaya da takubba. Aka kashe na kashewa, har da mata da ƙaramin yaro, aka raunata ɗaruruwa. Yana faɗa yana kallona, ni kuma na san inda ya dosa, sai na ce ƙafata ta gaji. Bai ja ba. Ya ciro dabino uku daga aljihun kwat ɗinsa ya ba ni, muka tafi muka ci shinkafa.

Abin da ya fi ba shi haushi shi ne yawancin yaranmu ba su ma san suna da ƙuri'a a nan ba. Ɗan Najeriya da ke zaune bisa ƙa'ida, ko ɗalibi ne, yana iya zaɓe, saboda tsohuwar alaƙar mulkin mallaka. Kawu yakan ce, "Sun ɗebi gyaɗarmu da audugarmu shekara sittin, ɗan abin da suka bar mana ke nan, shi ma ku ce ba kwa so?" Shi ya sa duk baƙon da ya sauka a gidansa, kafin a buɗe kwanon miya sai an yi rajista. Inna tana tsaye da ludayi tana cewa, "Don Allah Dakta ka bar yaro ya ci abinci, ya kwana a jirgi." Shi kuma ya ce ba a fafe gora ranar tafiya.

Ranar zaɓe kuwa, wadda a ƙasar nan Alhamis ce, babbar riga yake sakawa kamar mai zuwa idi, ya taka da ƙafa zuwa makarantar firamaren da ke bayan layinsu. Ya ƙi yarda ya riƙa aikawa ta gidan waya ko da gwiwa ta fara ba shi wahala, wai zuwa da kai ya fi saƙo. Abin dariyar shi ne da wuya wanda ya zaɓa ya ci. Inna ta ce duk ɗan takarar da ya ji Kawu na sonsa, gara ya fara tattara kayansa.

Ni kaɗai na gagare shi. Ya bi ta lallashi, ya bi ta barkwanci, ya sa mini suna Sarkin Ƙauracewa. Ya ba ni labarin yadda a da a fili ake zaɓe a ƙasar nan, mai gidan haya na tsaye yana jin wanda ka ambata, ana rabon giya, ana fasa kawuna, kafin a kawo takarda da ɗan lungun da ba mai leƙa ka. Ya ba ni labarin matan Manchester da aka ɗaure a kurkuku suka ƙi cin abinci har aka riƙa ɗura musu ta hanci. Ina ji, ina cewa Allah sarki, ina nan a kan bakata.

Rigimar ta fashe ne wata ranar Babbar Salla, gida cike da baƙi. Na zauna zan ci nama sai na ga takardar rajista a ƙarƙashin farantina. Raina ya ɓaci. Na ce, "Kawu, wai har yaushe za ka daina yabon mutanen nan? Waɗannan masu 'yancin naka ai su suka je da bindiga mai ruwa suka harbe kakanninmu. Su suka yi arziki da gumin bayi. Kuma ni na ga abin da layin zaɓe yake yi wa mutum, kai ba ka gani ba."

Ya ajiye cokali. Ya ce, "Duk abin da ka faɗa a kansu gaskiya ne, kuma na fi ka saninsa. Ban taɓa ce maka mutanen kirki ne duka ba. Cewa na yi talakansu ya sha duka kamar namu, bai bar layin ba. Yayanka kuwa, ni na yi masa huɗuba a kunne ranar da aka haife shi, kada ka koya mini zafinsa. Waɗanda suka kashe shi so suke layin ya watse. Kai kuma shekara goma sha biyu ke nan kana taya su."

Na tashi ban ci ko loma ba. Inna ta biyo ni har bakin mota da nama a leda, na ƙi karɓa, abin da har yau nake jin kunyarsa. Wata takwas ban taka Erdington ba, ban kira ba.

A cikin watannin nan ne danshi ya cinye bangon flat ɗinmu, jaririyarmu ta kama tari ba dare ba rana, mai gidan kuma ya daina ɗaukar waya. Matata ta gaya wa Inna a ɓoye. Wata Asabar da safe aka ƙwanƙwasa, na buɗe, sai ga Kawu da lema da jakarsa ta likita. Bai ce mini ci kanka ba, ya wuce ya ɗauki yarinyar ya saurari ƙirjinta, ya shafa bangon da yatsa ya shinshina. Sannan ya ce, "Sa takalminka. Councillor ɗinku tana ganin mutane yau a library." Ban ma san akwai irin wannan zama ba. Ya sa ni na yi bayani da bakina, shi yana gefe yana gyara mini in na kauce. Cikin sati uku aka turo masu duba gida daga council, ƙaramar hukuma ke nan, aka tilasta gyara.

A hanyarmu ta komawa a ranar ya ce, "Ta tambaye ka wa ka zaɓa?"

Na ce a'a.

Ya ce, "To." Daga wannan "to" ɗin bai ƙara yi mini maganar zaɓe ba har shekara shida. Na ba shi haƙuri a tashar jirgi, ya ce shi ma harshensa ya yi kaifi, wanda maciji ya sara in ya ga tsumma dole ya gudu. Na so shi a ranar fiye da kullum, kuma na ɗauka ya haƙura ke nan.

Ciwon ya kwantar da shi a farkon bazara, daidai lokacin da aka sa ranar babban zaɓe. Shi likita ne, ba wanda ya iya ɓoye masa komai. Na je duba shi na tarar ya rame, sai idanun nan. Ya sa Inna ta ba mu wuri, ya ce, "Ɗan ƙanwata, wata alfarma nake nema. Bana ƙafa ba za ta kai ni makaranta ba. Doka ta yarda in naɗa proxy, wakili ke nan, ya je ya jefa mini. Kai nake so."

Na ce, "Kawu, ga Inna, ga 'ya'yanka."

"Kai nake so," ya sake cewa. "Sai dai wanda ba shi da register ba ya wakilci."

Na dube shi, ya dube ni, wallahi har da ɗan murmushinsa. Shekara shida yana jiran wannan tarkon. Na ce, "Rantsuwata fa?" Ya ce, "Ai kai ka rantse ba za ka jefa taka ba. Wannan tawa ce. In kuma zuciyarka ba ta natsu ba, rantsuwar da ta tare alheri kaffara ake yi mata, ka ciyar da mutum goma. Tambayi liman." Na tambaya, haka ne. A daren na yi rajista, na ce a raina don Kawu ne kawai, tawa kuwa tana nan inda take.

Ranar Alhamis ɗin na sauka Birmingham da hantsi. Ya riga ya raɗa mini sunan wadda yake so, wata mata da ko 'yan gidansu ba su sa ran za ta ci ba, kuma ni ra'ayinta bai kwanta mini ba. Na shiga makarantar. Ba soja, ba ɗan sanda, sai wasu mata biyu da kofin shayi da wani kare a ɗaure a bakin ƙofa. Na nuna katina, aka ba ni takarda. A cikin lungun na ga fensir ɗaure da zare, na tsaya ina kallonsa. Ba wanda zai taɓa sanin inda na sa alamar. Na sa ta inda Kawu ya ce, na fito.

Da la'asar na isa asibiti. Numfashinsa ya canza, Inna na gefe da carbi, 'ya'yansa biyu suna tsaye a jikin taga. Na sunkuya na ce, "Kawu, na isar da saƙo."

"Wadda na ce?"

"Ita."

"Madalla. Allah Ya yi maka albarka." Ya rufe ido, na ɗauka barci ya yi. Can ya buɗe ya ce, "Taka fa?"

Na ce, "Kawu, tawa tana Hulme. Ina nan tare da kai."

"Sai goma ake rufewa. Jirgi awa ɗaya da rabi ne." Ya ɗan huta. "Masu yi mini addu'a ga su nan cike da ɗaki. Yayanka ne ba shi da wanda zai ƙarasa masa layinsa. Tashi."

Na dubi Inna. Hawaye na zuba a fuskarta, amma ta gyaɗa mini kai. Na riƙe hannunsa na ce ya yafe mini, ya ce ba komai tsakaninmu sai alheri, in yi sauri. Haka na fita, ina waiwaye.

Ba zan yi wa kaina ƙarya a cikin ta'aziyyar Kawu ba. Na hau jirgin ne don ya ce in hau, ba don na yanke shawara ba. Na isa Hulme wajen bakwai da rabi, rana na nan tsaye kamar yadda take yi a bazarar ƙasar nan. Rumfar tamu a wani zauren unguwa take, kuma a lokacin mutane sun taso daga aiki, layi ya fito har waje. Wannan layin ne ya tsayar da ni. Da safe ban tarar da kowa ba, kuma saƙon wani na kai. Yanzu ga bayan mutane a jere, ga wani dogon saurayi mutum uku a gabana, kamar Yaya a ranar. Na koma gefe na jingina da shinge. Na fi rabin awa a wurin, har na fara duba lokacin jirgin komawa.

Sai waya ta yi ƙara. Inna ce.

Ta ce, "Sai haƙuri. Kawunka ya cika, yanzun nan, da kalmar shahada a bakinsa."

Na yi salati, na zame na tsuguna a jikin shingen.

Ta ce, "Saurara, akwai magana. Kafin ya yi shahada ya tambaye ni, yaron nan ya jefa? Na ga yana wahala, na ce masa ya jefa. Ya ce alhamdu lillahi." Sannan ta ce, "Shekara arba'in da ɗaya ban taɓa yi masa ƙarya ba. Ka gaya mini, ka jefa?"

Na ce, "Inna, ki ba ni minti goma."

Na shiga layin. Na bi shi taku bayan taku ina kuka, wata mata a bayana ta miƙo mini tishu ba ta tambaye ni komai ba. Addu'ar farko da na yi wa Kawu bayan rasuwarsa a cikin ɗan lungun nan na yi ta, da fensir a hannuna: Allah Ka jiƙansa, Ka yalwata masa kabarinsa, Ka saka masa da alherin da ya yi mana muna so da wanda ya yi mana muna ƙi, Ka haɗa shi da Yaya a inda ba tsoro. Na naɗe takardar na tura ta cikin akwati.

Ina fitowa na kira ta. Bugu ɗaya ta ɗauka.

Na ce, "Inna, gaskiya kika gaya masa."